Fuska Ba Ta Isa Shaida Ba

Ƙannena maza da mata na Burumburum da Tudun Wada, da na Doguwa da Kiru da Bebeji.

Allah ya ajiye ku a mararraba. Hanyar da ta ɓalle daga Kwanar Ɗangora, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore ta nufi Saminaka da Jos, ba ta taɓa yini ba ta kawo muku baƙo ba. Ga fatake masu neman shinkafa da masara, ga masunta da ke ci a madatsar ruwan Tiga tun da aka kammala ta a 1974, ga masu haƙar kuza a duwatsun Riruwai, ga Fulani masu kai da komo da garkensu, ga 'yan bautar ƙasa daga Kudu da ake turowa makarantunku. Ku ma ba a zaune kuke ba. Da an kai amfanin gona gida, samari da yawa sun rataya jaka sun nufi Abuja da Legas da Fatakwal ci-rani. Yau kai ne mai kallon baƙo, gobe kai ne baƙon da ake kallo. A kan wannan kallo nake so mu yi magana, domin yakan buɗe wa mutum ƙofar arziki, yakan kuma zama ajalinsa.

Ba ku manta ba, a ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Salla, wasu mafarauta suka taso daga jihar Ribas a babbar mota za su zo gida Kano. A Uromi ta jihar Edo 'yan sintiri suka tare motar. Suka ga bindigogin farauta, suka ji ana Hausa. Yankin kuwa ya daɗe yana fama da masu garkuwa da mutane. Kafin ka ce kwabo magana ta zagaye gari cewa an kama masu garkuwa. Jama'a suka taru, aka kashe mutum 16, aka cinna musu wuta. Da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure, nan maƙwabtanku. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo har Kano ta'aziyya, amma ta'aziyya ba ta mayar wa maraya ubansa.

Duk wanda ya ji labarin ya yi Allah wadai, kuma haka ya dace. Sai dai in na tsaya a nan ban yi muku nasiha ba. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, waɗanda suka yi wannan aika-aika ba da wata zuciya ta daban aka halicce su ba. Hanyar da tunaninsu ya bi, daga gani zuwa zato, daga zato zuwa tabbaci, daga tabbaci zuwa ɗaukar makami, tana nan a shimfiɗe cikin kowannenmu. Masana halayyar ɗan Adam sun shafe fiye da shekara 70 suna bin sawun wannan hanya, kuma abin da suka gano ya cancanci ku sani.

Mu fara da fuska. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Haka ne in ana batun fushi ko murnar da mutum ke ciki a lokacin, amma mun wuce gona da iri, har muna karanta amana da ha'inci a goshin mutum. A 2006, Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton a Amurka suka riƙa haska wa mutane hotunan fuskokin da ba su sani ba, na kashi 1 cikin 10 na sakan ɗaya kacal, sannan su tambaye su ko mai wannan fuska mai amana ne. Hukuncin da aka yanke cikin wannan ƙiftawar ido ya zo kusan daidai da na waɗanda aka bari suka kalla iya son ransu. Ƙarin lokaci bai sauya ra'ayi sosai ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yadda mutum ke jin ya tabbata. Shi kansa Todorov ya yi ta gargaɗi daga baya cewa haɗuwar bakin mutane a kan fuska ba ta nufin sun dace: sukan taru su yarda wane ya yi kama da macuci, su kuma taru su yi kuskure. Kama da wane ba ta wane. Saboda haka in ka ji ranka ya ce, “Ni dai tun ganin farko bai kwanta min ba,” ka sani ba wahayi aka yi maka ba. Ƙwaƙwalwa ce ta yi saurin haɗa wannan fuska da wata da ka taɓa tsoro, ko da wani labari da aka taɓa ba ka.

Bayan fuska sai yadda muke fassara aikin mutum. In kai ka makara, ka san dalili: babur ya lalace, ruwa ya cinye hanya, Inna ba ta jin daɗi. In wani ya makara, “Ai halinsa ne, ba shi da alkawari.” Lee Ross na Jami'ar Stanford ya yi rubutu a 1977 kan yadda wannan kuskure ya yi kaka-gida a tunanin mutane: mukan ɗora aikin wani a kan halinsa, mu manta da yanayin da ya tsinci kansa. Kakanninmu sun riga shi gani da suka ce laifi tudu ne. Amma gwaji ya nuna girman abin. A binciken da aka buga a 1973, John Darley da Daniel Batson suka aiki ɗaliban wata makarantar horar da limaman coci a Princeton su je wani gini su yi jawabi, wasunsu ma jawabin a kan taimakon wanda aka yasar a hanya ne. A lungun da za su bi aka ajiye wani mutum a dunƙule, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce musu akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 suka tsaya taimako. Cikin waɗanda aka ce musu sun makara, kashi 10 kawai. Makaranta ɗaya, karatu ɗaya, gaggawa ce ta raba su. Da kana tsaye a gefe ka ga ɗayansu ya wuce mai nishi, rantsuwa za ka yi cewa ba shi da imani.

Wannan ya shafe ku a cikin gida kafin ya shafe ku a kan titi. Ke da aka kai ɗakin miji, kika gaida uwar miji ta amsa a daƙile, kafin ki ɗauki waya ki gaya wa ƙawarki cewa matar nan ba ta ƙaunarki, bincika ko ciwon ƙafa ne ya hana ta barci, ko bashin taki ne ya tsaya mata a rai. Kai da ka ga abokinka ya daina zuwa majalisa tun da ya samu aiki, kafin ka ce girman kai ya shige shi, je ka ga ƙarfe nawa yake tashi. Akwai ma wani bincike da Erica Boothby da abokan aikinta suka buga a 2018, wanda ya nuna cewa bayan hira da sabon mutum, yawancin mutane kan raina irin yadda suka shiga ransa. Sau da yawa wanda kake zaton yana ƙinka, shi ma can yana zaton kai ne ba ka yi da shi, sai ku yi ta kauce wa juna a kan abin da babu.

Na uku ya fi duka haɗari, wato “mu” da “su”. Henri Tajfel, Bayahude ɗan asalin Poland wanda ya rasa danginsa a yaƙin duniya na biyu, ya so ya gane mene ne mafi ƙanƙantar abin da zai sa mutum ya fifita nasa. A binciken da ya buga a 1971, ya raba 'yan makaranta a birnin Bristol na Ingila gida biyu bisa abin da bai kai ya kawo ba, misali zanen wa ya fi burge ka cikin masu zane biyu. Yaro bai san su wa ke rukuninsa ba. Babu tsohuwar gaba, babu rikicin gado, babu iyakar gona. Amma da aka ba su maki mai kuɗi su raba wa wasu, sai kowa ya fifita 'yan rukuninsa. Har sukan gwammace nasu ya samu kaɗan muddin ya fi na ɗaya ɓangaren, a kan kowa ya samu da yawa. In zane ya isa ya yi haka, ina ga hula da tutar jam'iyya, ina ga ɗariƙa da Izala, ina ga gona da garke? Ku da kuka ga abin da ya faru a Tudun Wada lokacin zaɓen Fabrairun 2023, inda aka rasa rayuka aka ƙone ofishin jam'iyya, ba sai an kai ku Bristol ba. Waɗanda suka fuskanci juna ran nan 'yan ƙasa ɗaya ne, harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya.

Burumburum kanta shaida ce cewa wannan layi ba zanen dutse ba ne. A nan aka ci Muhammadu Alwali, sarkin Kano na ƙarshe daga Kutumbawa, da yaƙi a wajen 1807, zamanin jihadi. A wancan lokaci sahun da mutum ya tsaya shi ne rayuwarsa ko mutuwarsa. Yau, bayan shekara fiye da 200 ana auratayya, jikokin ɓangarorin biyu suna sa hannu a kwano ɗaya, kuma da yawansu ba za su iya faɗa maka a ina kakansu ya tsaya ba.

Da zarar an ja layi, kuɗin goro ke biyo baya. A 1976, David Hamilton da Robert Gifford suka gabatar wa mutane bayanai 39 a kan 'yan rukuni biyu. Babban rukuni yana da bayani 26: na kirki 18, na assha 8. Ƙarami yana da 13: na kirki 9, na assha 4. Ku lissafa, za ku ga ma'aunin ɗaya ne. Duk da haka, da aka tambayi mutanen, sai suka ɗora wa ƙaramin rukuni laifin da ya fi nasa yawa, suka kuma fi ganin baƙinsa. Dalili shi ne, mutumin da ba ka cika gani ba in ya haɗu da aikin da ba a cika yi ba, abin ya fi manne wa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa in ɗan gari ya yi sata sai a ce “ɗan gidan wane”, in ɗan ruga ya yi sai a ce “Fulani”. Gaskiya ne dajin Falgore ya taɓa zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa, har sojoji suka mayar da shi filin atisaye. Amma shanun wa aka fi sacewa? Wanda aka kwashe wa garke da dare, shi ake nuna wa yatsa da safe a kasuwa. Can a ruga ma ba a tsira ba: manomi ɗaya ya nome burtali ko ya sari saniya, sai a ce Haɓe duka haka suke. Ma'aunin da muke auna maƙwabci da shi a nan, da shi aka auna 'yan'uwanmu a Uromi.

Kada ku fahimce ni a baibai. Ban ce a daina taka-tsantsan ba. Baƙon da ya sauka gari a kai shi wurin mai unguwa, kamar yadda aka gada. Wanda aka ga yana abin tuhuma a sanar da dagaci da 'yan sanda. Mai taka-tsantsan yana kare kansa ne har a bincika, mai yanke hukunci kuwa ya riga ya rufe ƙofar bincike. Addininmu ya bambance su tun tuni. Suratul Hujurat ta yi umarni da tantance labari kafin a yi aiki da shi, ta hana yawan zato da izgili da jifa da laƙabi, ta kuma bayyana cewa an yi mu ƙabilu ne don mu san juna. Kun kuma san abin da ya faru da Usama bin Zaid, ɗan gaban goshin Manzon Allah (SAW). Ya kashe wani a fagen yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada, bisa zaton tsoron takobi ne ya sa shi. Annabi ya yi masa faɗa mai tsanani, yana tambayarsa ko ya tsaga zuciyar mutumin ya duba. In ba a karɓi zaton Usama ba a tsakiyar yaƙi, wa zai karɓi naka a bakin tasha?

To mene ne magani? Gordon Allport ya ba da amsa a 1954: haɗuwa tana rage ƙyama, amma da sharaɗi. A haɗu a matsayi ɗaya, a sa buri ɗaya a gaba, a yi aikin tare, manya kuma su goyi baya. A wannan shekarar Muzafer Sherif, haifaffen Turkiyya, ya kai yara 22 sansani a jihar Oklahoma, ya raba su biyu, ya haɗa su gasa har suka tsani juna. Da aka zaunar da su cin abinci wuri ɗaya don su shirya, jifan juna suka yi da abincin. Sai da ruwan sha ya yanke, motar abinci kuma ta ƙi tashi, dole ta sa suka ja igiya ɗaya, sannan gabar ta fara sanyi. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515 daga ƙasashe da dama, suka ga mafi yawansu sun nuna haɗuwa na tafiya tare da raguwar ƙyama.

Gwajin da ya fi kusa da mu a Kaduna aka yi shi, kuma ina so ku saurare shi da kyau. Alexandra Scacco da Shana Warren suka zaɓo samari 849, Musulmi da Kirista, a birnin da ya sha rikicin addini. Aka yi ƙuri'a. Wasu suka shiga koyon kwamfuta na mako 16 a aji mai gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya zalla, wasu kuma ba su shiga karatun ba. Ba a yi wa kowa wa'azin zaman lafiya ba, kwamfuta kawai aka koyar. Sakamakon da aka buga a 2018 bai zo yadda masu son labari mai daɗi ke fata ba. Abin da samarin ke faɗa game da 'yan ɗaya addinin bai sauya ba. Amma da aka ba su kuɗi su raba, 'yan aji mai gauraye ba su nuna bambanci kamar 'yan ajin zalla ba. Da masu binciken suka bi diddigi sai suka ga inda gizo ke saƙa: 'yan ajin zalla ne suka ƙara son kai, har suka fi waɗanda ba su shiga karatun ba nuna bambanci.

Ku duba abin da wannan ke nufi. Babu wanda ya koya wa 'yan ajin zalla ƙin kowa. Zama da naka kaɗai, ana shaƙuwa ana dariya, shi ya isa ya karkatar da hannu ranar rabo. Ke nan majalisar shayin da kowa jam'iyyarsa ɗaya, malaminsa ɗaya, da zauren WhatsApp da ba a taɓa jin muryar wani ɓangare a cikinsa ba, ba su bar ka yadda suka same ka ba, ko da ba a zagi kowa a ciki ba. Abu na biyu, zuciya tana da nauyin juyawa, mako 16 bai ishe ta ba. Kada ka jira ta. Ba sai ka fara son mutum za ka cika masa mudu ba, ko ka biya shi bashinsa, ko ka faɗi gaskiya in an kira ka shaida a kansa.

Iyayenmu ba su karanta Allport ba, amma sun tsara rayuwa a kan sharuɗɗansa. Gayya ta haɗa mai shi da marar shi a kunya ɗaya. Bayan girbi manomi da kansa ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi hatsi, matarsa ta kawo nono ta koma da dawa. Kowa na buƙatar ɗan'uwansa, don haka kowa ya san sunan ɗan'uwansa. Ga kuma wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zazzagawa, wanda ku 'yan kan iyaka kuka fi kowa iyawa, da na Fulani da Barebari, inda ake fito da abin da ake zargin juna da shi fili a yi masa dariya kafin ya ruɓe a ciki. Hukumar UNESCO ta sa irin wannan wasa na Jamhuriyar Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Takin zamani da noman rani da ƙarancin fili sun rage waccan buƙata da ke tsakanin gona da garke. Abin da dole ta haɗa a da, ku sai kun haɗa shi da gangan.

Ku tuna kuma, in kun fita, wani bai taɓa zama da Bahaushe ba sai ku. Bayan ɗan ƙwallon nan Musulmi, Mohamed Salah, ya koma ƙungiyar Liverpool a 2017, wasu masu bincike, ciki har da Salma Mousa, sun gano cewa laifukan ƙiyayya a yankin Liverpool sun ragu da kashi 16 cikin 100, ɓatancin da magoya bayan ƙungiyar ke yi wa Musulmi a Twitter kuma ya ragu da kusan rabi. Ba laifin baƙo ba ne in an zalunce shi, kuma gaskiyarka ba ta ɗauke wa hukuma nauyin kare ka. Amma ɗan acaɓan da ya mayar da wayar da aka manta a Legas, da mai gadin da ya riƙe amanar gida a Fatakwal, suna gyara wa wanda zai zo bayansu hanya, ko ba su taɓa ganinsa ba.

Ga abin da nake roƙonku. In zato ya zo muku a kan mutum, ku raba abin da idonku ya gani da abin da aka gaya muku, sannan ku bar sauran ya kwana. Ku nema wa wani irin uzurin da kuke nema wa kanku. In mutum ya yi laifi ku kira sunansa, ku ƙyale ƙabilarsa da ɗariƙarsa. Saƙon murya ko bidiyon da ya tayar muku da hankali a kan wasu mutane, kada ku tura shi gaba sai kun san wa ya ɗauka, a ina, kuma yaushe. In kun ji ihun “ɓarawo”, kada ƙafarku ta kai ku cikin taron da sanda. Ku kira hukuma, in kuma kuna da bakin magana ku tsaya tsakani. Sannan kowannenku ya nemi aiki guda na gaske da zai haɗa shi da wanda ba nasa ba: ƙungiyar ƙwallo, adashi, yashe magudanar ruwa, gyaran hanyar ƙauye, koyon ɗinki ko walda a hannun wanda ba ku sallah a masallaci ɗaya.

Zaton farko ba a hannunku yake ba, yana riga ku isowa. Malamai sun karantar da mu cewa Allah ya yafe abin da ya ɗarsu a zuciya matuƙar ba a furta shi ko an aikata shi ba. Abin da harshe da hannu suka yi bayansa, wannan naku ne, kuma za a tambaye ku. Allah ya tsare ku daga zaluntar wani bisa zato, ya tsare ku daga sharrin zaton wasu, ya kai ku inda za ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.